Safiyar Da Na Yi Feshi A Garkar Kirkissoye

Akwai safiya ɗaya a rayuwata wadda da Allah zai ba ni ikon goge ta, da na goge ta ko da zan bayar da abin da ya rage mini na kwana. Ban kashe mutum ba, ban ci dukiyar maraya ba. Ƙudan zuman matata Salamu na kashe, amya guda cur, da hannuna, ina ɗauke da azumi. Da ta tambaye ni kuma na yi mata ƙarya, na riƙe ƙaryar nan har aka kai ta makwancinta.

Abin da ya tayar mini da maganar shi ne bana azumi ya sake zagayowa cikin bazara, kamar yadda ya zo a waccan shekara, yau shekara talatin da ƴan kai. Zafin iri ɗaya ne. Tun da hantsi bango yake ɗaukar wuta, in ka taɓa butar alwala da azahar sai ka janye hannu. Yanzu ina zaune a unguwar Koira Kano ta Yamai, wajen ƴata Rakiya da mijinta, gidan siminti, da robine na ruwa a tsakar gida, da ƙanƙara a firiji in ba a ɗauke wuta ba. Ba na ɗaukar abin da ya fi buta nauyi. Amma duk sa'ad da iskar nan mai zafi ta bugo mini fuska, sai in ji warin wani magani a hancina, wanda babu mai jin sa a gidan sai ni.

Ni Bagobiri ne. Karatuna bai wuce aji huɗu na lakwal, makarantar boko, ba, sai allon da na yi a gida, don haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi mini uzuri. Na zo Yamai ina da ƙarfina, ni da Salamu, muka zauna a Kirkissoye, ƙetaren kogi. Wani Bazabarme mai suna Hamani shi ya yankar mini gefen garkarsu ta gado, ya ce in noma in ci. Tsakaninmu da Zabarmawa akwai wasa, kowa ya sani. Hamani bai taɓa kiran sunana ba. Da ya hango ni da safe sai ya ce ga bawansa ya iso, ya ce tsagen fuskata ya fi fangalina miƙewa. Ni kuma in ce masa su da suka kwana bakin kogi tun kaka da kakanni har yau ba su koyi wanka ba. Haka muke gaisawa kowace safiya, mu yi dariya, kowa ya ɗauki arozuwar ɗinsa, butar ban ruwa, ya nufi kogi.

Salamu ƴar mai zuma ce. Mahaifinta amya yake ɗaurawa a itatuwan daji tun kafin a haife ta. Ranar da muka taso daga gida, mata suna loda tukwane da tabarmi a mota, ita har da amya ɗaya da tsohon ya saƙa mata da hannunsa, doguwa kamar ganga, saƙar ciyawa, an yaɓe ta da kashin shanu. Ta kuma ɗauro wani tsumma cike da iri a bakin zanenta. Mutanen motar suka yi ta dariya, wani ya ce a Yamai zuma a kwalba take zuwa. Ita dai ta rungumi abarta har muka sauka.

Akwai gawo a ƙarshen garkarmu, a nan ta sa na ɗaura mata amyar. Shekara guda babu abin da ya shiga sai gizo-gizo. Ta ce zuma ba ta sauka inda babu abinci, sai ta kama shuka a bin shinge. Ta sa ɗoɗɗoya da riɗi, ta dasa lalle da zogale, ta samo irin wasu furanni ja da rawaya wajen wata mata da mijinta ke kula da tsakar gidan wani Annasara. Ba mu san sunansu ba, furen Annasara muke ce musu. Ba haka kawai take zuba su ba. Tana lissafin wanda zai buɗe da sanyi da wanda zai jira zafi, don kada wata guda ya wuce babu fure a garka. Tumfafiya biyu da suka fito da kansu ta hana ni sare su, ta ce a kansu malam-buɗe-littafi yake ajiye ƴaƴansa. A gindin gawo kuma ta ajiye kasko da ruwa, ta jera tsakuwa a ciki, don ƙudan zuma su sami wurin tsayawa su sha ba tare da sun nutse ba. Kowace safiya kafin ta taɓa komai sai ta wanke kaskon nan ta sake masa ruwa.

A shekara ta biyu suka zo. Muna cikin aiki muka ji kamar ƙarar mota daga nesa, muka ga baƙin dunƙule ya sauka a reshen gawo, kafin yamma sun shige amya. Salamu ta zauna a ƙasa tana dariya tana share ido. Daga nan garkarmu ba ta sake yin shiru ba. Da safe ɗoɗɗoya sai ta yi ta rawa da nauyinsu, malam-buɗe-littafi fari da mai ruwan goro suna ta kai da kawowa a bin shinge. Kabewarmu da kankanarmu suka fi na kowa yawa a jerin. Ni kuwa na ɗauka iya aikina ne.

Sai shekarar da nake magana a kanta ta zo. Damina ta ɗauke da wuri a ƙasarmu, gero ya tsaya bai cika ido ba. Kafin sanyi ya wuce wana ya aiko cewa rumbu ya kusa kai ƙasa, ya kuma sa mahaifiyarmu, wadda muke kira Iya, a mota zuwa wajena, tana fama da wani tari da ya ƙi barinta. Gida ya zama ni da Salamu da Iya da Rakiya, lokacin tana ƴar shekara huɗu, ga kuma mutanen ƙauye suna jiran abin da zan aika. Hatsi ya yi tsada a Yamai kanta. Na dubi garka na ce ita ce rumbunmu bana. Na cika ta da kankana da malo, ƴar'uwarta mai rawayan ciki, da kabewa, don na san da azumi babu abin da ake nema wajen shan ruwa kamar kankana. In ta yi, mun sami hatsin da zai kai mu damina. In ba ta yi ba, ban san abin da zan faɗa wa Iya ba.

Kogi ya janye a shekarar fiye da yadda na taɓa gani. Inda muke ɗiban ruwa taku ashirin daga shinge ya koma laka mai tsagewa, sannan yashi, sannan can da nisa ka ga ruwa kwance kamar ba ya motsi. Arozuwar biyu nake ɗauka, ɗaya a kowane hannu. Muna yin sahur da ɗan dambu ko fura mai ruwa-ruwa, in yi sallar asuba, in kama hanya. Kafin rana ta ɗaga na yi sawu talatin. Da hantsi yashin yana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Da azahar mu kwanta a inuwar gawo, baki a bushe, babu mai iya magana. Da la'asar a sake komawa ruwa, gwiwa tana rawa, harshe kamar tsohuwar fata. Duk wanda ya yi ban ruwa da azumi cikin bazara ya san mutum yana fara ganin kowane ɗigo kamar jininsa ne yake zuba.

A nan na fara jin haushin furannin Salamu. Arozuwar huɗu suke sha kowace safiya. Na ce mata daga yau an daina, ba za a ci fure ba.

Ta ce, "Malam, huɗu ne kawai."

Na ce huɗun nan gindin kankana takwas ne.

Ta ce, "In babu su, kankanar ma babu."

Na ɗauka maganar mata ce, na ce na gama magana. Ba ta ƙara gardama ba. Sai ta fara tara ƙasarin da ta wanke hatsi, ta ajiye roba a inda muke alwala tana tare ruwan, ta juye duka a tulu ta ɗauko a kai tun daga gida. Furanninta suka rame amma ba su mutu ba. Kaskon zuma kuwa ruwa mai kyau take zuba masa, daga wanda za mu sha.

Wajen goma ga azumi ganyen kankana ya fara naɗewa. Na juya ɗaya na ga ƙananan ƙwari kore sun lulluɓe bayansa, ganyen yana danƙo. A malo kuma na ga tsutsa. Salamu ta jiƙa ganyen dogon yaro ta haɗa da toka tana yayyafawa da tsintsiya, ta ce zai yi, sai dai a ba shi kwanaki. Ni ba ni da kwanaki a zuciyata. Na ƙetare gada zuwa Babbar Kasuwa, na sami wani mutum yana sayar da magani a kwalbar lemo, babu takarda a jikinta. Ya ce na auduga ne, duk abin da ya taɓa ya gama. Ya ce marfi ɗaya a cikin famfon feshi guda. Na ɓoye kwalbar a aljihu na dawo, ban nuna wa Salamu ba.

Famfon feshi Hamani ke da shi, na je aro. Masu garka a bakin kogin nan suna da tsarinsu tun kafin in zo. Ba a feshi da safe lokacin da fure yake buɗe. Sai da yamma liƙis, in furen kabewa ya rufe, zuma ta koma gida. In akwai mai amya kusa, ana gaya masa tun ana gobe, ya toshe bakin amyar da jiƙaƙƙen tsumma, ya kwashe ruwan da ya ajiye. Na san wannan sarai. Hamani ya shinshina kwalbar ya kawar da kai. Ranar bai kira ni bawansa ba.

Ya ce, "Da yamma, Bagobiri. Ka gaya wa Salamu tun yau."

Na ce to.

Ban gaya mata ba, don na san za ta ce a ƙara wa toka kwana uku. Yamma kuma na san yadda nake zama da yamma, ko kaina da ƙyar nake ɗauka balle famfo cike a baya. Akwai kuma wani abu da na saka a raina, cewa tsutsar nan daga tumfafiyarta take fitowa, malam-buɗe-littafin da take tarawa su suka jawo mini. Ba haka ba ne, tsutsar tumfafiya ba ta cin komai sai tumfafiya. Amma a lokacin ina neman wanda zan ɗora wa laifi. Washegari Salamu za ta kai Iya wajen likita saboda tarin, na san ba za ta zo garka ba sai la'asar. Na ga dama ta samu.

Na isa da sanyin safiya, rana tana fitowa ja ta bayan gari. Maimakon marfi ɗaya na zuba uku, don in gama da su gaba ɗaya. Furen kabewa ya buɗe rawaya a ko'ina, kowanne da ƙudan zuma ɗaya ko biyu sun cusa kai ciki, ƙafafunsu sun yi dumu-dumu da gari. Na gan su. Wannan shi ne abin da ba ni da hanyar kauce masa, ba zan ce ban gani ba. Na ce a raina za su tashi in suka ji wari. Na bi fangali ɗaya bayan ɗaya ina feshi. Da na gama na juya kan shinge, na feshe ɗoɗɗoya da riɗi da furen Annasara, na tsaya a kan tumfafiya na jiƙa ta sharkaf. Ana cikin haka bakin famfon ya toshe. Kogi da nisa, ruwa mafi kusa shi ne na kasko. Na kwance bakin na tsoma shi a ciki na girgiza, na mayar, na ci gaba. Ko zubar da ruwan ban yi ba.

Da hantsi zafi ya taso, suka sauko shan ruwa kamar yadda suka saba.

Ina kwance a gindin gawo na ji abu yana faɗo mini a jiki kamar ƴaƴan itace. Na tashi na ga ƙasa tana motsi. Suna ta juyawa a wuri ɗaya, wasu a kan bayansu suna shure-shure, ba su iya tashi. Bakin kasko ya yi baƙi da su. A ƙarƙashin amya sun taru tsibi, masu dawowa suna faɗowa kafin su kai ƙofa. Malam-buɗe-littafi suna kwance a bin shinge, fikafikai a buɗe, iska tana jan su kamar busasshen ganye. Kafin azahar ƙarar da na saba ji shekara huɗu ta ɗauke. Ban san garka tana da murya ba sai da ta yi shiru. Na ɗauki tsintsiya na share abin da zan iya, na haƙa rami na binne, na binne kwalbar, na mayar wa Hamani famfonsa ta kan shinge ba tare da na kira shi ba.

Salamu ta iso da la'asar da tulunta a kai. Tun daga bakin shinge ta tsaya. Ta sauke tulun a hankali, ta je gindin gawo, ta durƙusa ta ɗebi waɗanda ban share ba a tafin hannunta. Ta daɗe tana dubansu. Sannan ta ɗago ta ce, "Malam, me ya same su?"

Na ce zafi ne. Na ce bana zafin ya wuce misali, ko tsuntsaye faɗowa suke yi.

Da azumi a bakina na faɗi haka. Ta dube ni, ta dubi kaskon. Ta ɗauke shi ta kai bayan shinge ta fasa a kan dutse, ta tura ƙasa a kan gutsattsarin. Muka yi ban ruwan yamma tare, muka koma gida.

Hamani ya sani, don garkarsa tana jin iskar tawa. Bai tona ni ba. Abin da ya yi shi ne ya daina yi mini wasa. Da safe sai ya ce, "Ina kwana, Malam Idi," kamar baƙo, ya wuce. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Kwana uku bayan haka Salamu ta sa na sauko da amya, don babu sauran mai tsaronta kuma tururuwa sun fara hawa. Akwai saƙa biyu cike da zuma. Dama tun farkon azumi take cewa za ta ɗebar wa Iya saboda tari. Da magariba, an shimfiɗa tabarma ana jiran kiran salla, ta kawo zumar a ƙwarya ta ajiye a tsakiya, gaban Iya, Rakiya tana miƙa hannu. Ban san ko maganin ya shiga zumar ba, amma na san abin da ya yi wa masu ita. Na fizge ƙwaryar na ce ba a shan zumar da ƙudanta suka mutu, na fita da ita waje na juye a rami. Iya tana ta faɗa, tana cewa ba ta taɓa jin wannan a gidanmu ba. Da na dawo Salamu tana zuba kunu. Ba ta ɗago kai ba ta ce, a hankali yadda ni kaɗai zan ji:

"Zafi ba ya ɓata zuma, Malam."

A nan ya kamata in faɗa. Ƙofa ce ta buɗe mini, ba ta yi shi a gaban Iya don ta kunyata ni ba. Aka kira salla, na ɗauki ludayi na sha kunu, na yi shiru.

Ƙwarin sun mutu, wannan gaskiya ne. Ganye ya miƙe ya yi kore, fure ya yi ta fitowa, har na fara gaya wa kaina cewa na ceci garka. Sai na lura ƴaƴan da suke ɗaurawa ba sa girma. Ƴar kankana za ta kai girman goro, ta yi rawaya, ta yanƙwane, ta faɗi. Kabewa haka, malo haka. Kowace safiya in tarar da su zube a gindin yaɗo. Na ƙara ruwa, na ƙara taki, babu canji. Garkar Hamani da ta maƙwabcinsa su ma suka ragu, don zuman Salamu har can suke zuwa.

Wata safiya na tarar da ita tsugune a fangalin kabewa. Ta nuna mini abin da shekara da shekaru ina noma ban sani ba. Furen kabewa iri biyu ne, akwai namiji mai siririn kara, akwai na mace mai ɗan ƙullutu a gindinsa. In garin namiji bai kai ga na mace ba, ƙullutun nan faɗuwa zai yi, kuma zuma ce take kai shi. Ta tsinki namiji, ta zare masa ganyen furen, ta goga kansa a cikin na mace a hankali, ta matsa gaba. Ta ce dole a gama kafin hantsi, don fure yana rufewa. Na tsuguna kusa da ita na kama. Na kankana ƙanana ne, sai mutum ya kusa sa hancinsa a ƙasa. Haka muka yi sauran azumin, ita ta wannan gefe ni ta wancan, baya yana ciwo, gumi yana shiga ido, ban ruwa yana jiranmu. Abin da ƙudan zuma ke gamawa kafin mu idar da gaisuwa, mu biyu ba mu iya rabinsa. A duk safiyoyin nan muna kusa da juna kamar taku uku, ban buɗe baki ba.

Mun tsira da abin da bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, yawanci kankana masu karkataccen ciki, kuma sun nuna bayan salla, lokacin da masu nema suka ragu. Ban aika komai ƙauye ba. Wana ya sayar da awakinsa. A gida muka koma ci sau ɗaya. Zogalen Salamu, wanda na so a daina ba shi ruwa, shi ya riƙe mu, bayan ta sare shi ya sake toho. Kullum kopto, ganye da ɗan ƙuli-ƙuli, dambun cikinsa sai an nema. Iya takan ce ta ƙoshi ta tura wa Rakiya kwanonta, ina kallo. Iya ta rasu a ƙarshen wannan bazara, kafin ruwan farko. Tarin ne ya ɗauke ta, kuma kwananta ne ya ƙare, na yarda da wannan. Amma da yunwa a jikinta ta tafi, wannan ma na sani.

Ranar da ruwa ya sauko, iska ta fara zuwa da ƙamshin ƙasa, mutane suka fito suna hamdala. Tumfafiya ta sake fitowa, ɗoɗɗoyar da ta zubar da iri ta tsiro da kanta a bin shinge. Salamu ba ta kula su ba. Amyar kuwa wuta ta sa mata. Ba ta sake ɗaura wata ba, ba ta sake shuka fure a garka ba, har muka bar wurin da ƙarfina ya ƙare. Ba ta canja mini fuska ba, ta yi mini duk abin da mace take yi wa mijinta shekara ashirin da bakwai bayan haka. Sau da yawa nakan shirya maganar a hanya, in na shigo gida na gan ta sai in ce bari gobe. Daga baya sai na fara jin abin ya tsufa, tayar da shi ma wauta ne. Salamu ta rasu shekara shida da suka wuce. Hamani ya riga ta. Wasanmu ya dawo daga baya, amma bai koma kamar da ba.

Bara na roƙi Rakiya ta bar mini wani ɗan fili a bayan ɗakin girki, bai fi tabarma uku ba. Na sa riɗi da zogale, na samo furen Annasara wajen masu sayar da shuke-shuke a bakin titi. Ɗoɗɗoya kuwa Rakiya ce ta ba ni iri daga wadda take da ita a gwangwani. Na sayi kasko na jera tsakuwa. Mijinta yana yi mini dariya, wai Baba ya tsufa ya koma ado. Ruwa yanzu sai dai in murɗa robine, amma wata uku babu abin da ya zo sai ƙudan gida. Unguwar duk siminti ce, itatuwa kaɗan, kowane gida da gwangwanin feshin sauro.

Cikin azumin nan, wata la'asar, Rakiya ta same ni ina wanke kasko. Ta zauna a kan turmi tana kallona. Ban san abin da ya buɗe bakina ba, na gaya mata duka, tun daga kwalbar har ƙwaryar zuma. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce Innarta ta gaya mata tun tana budurwa. Ta ce tun daga bakin shinge Salamu ta ji warin, kuma ita ta wanke rigar da na sa ranar.

Na ce to don me ba ta taɓa yi mini maganar ba.

Rakiya ta ce, "Ta ce kada in tambaye ka, Baba. Ta ce ranar da ka shirya za ka faɗa mata da kanka. Tana jira."

Sannan ta nuna mini ɗoɗɗoyar da na shuka. Ta ce irin ƙullin tsumman nan ne na gidan kakanta. Salamu ba ta bar shi ya ɓace ba, kowace shekara tana shuka gindi ɗaya a gwangwani a bayan madafa, ta karɓi iri ta ajiye. Shekara ashirin da bakwai ina wucewa ta gaban gwangwanin nan, na ɗauka na miya ne.

Ban iya shan ruwa da kirki ranar ba.

Yanzu akwai ƙudan zuma uku, wani lokaci huɗu, da suke zuwa kan ɗoɗɗoyar da safe. Ban san inda amyarsu take ba. Malam-buɗe-littafi fari ɗaya ya zo shekaranjiya bai daɗe ba. Maƙwabcinmu yana da itacen mangwaro da yake sa a yi wa feshi, na je da sandata na roƙe shi ya bari sai yamma, ya kuma aiko a gaya mini in kwashe kasko. Ya dube ni kamar tsohon da ya fara ruɗewa, amma ya ce to. Na san abin da to take iya zama, don haka kullum kunnena yana kan katangarsa.

Wanda duk ya karanta wannan, in yana da garka ko ɗan fili a tsakar gida, ina roƙonsa kada ya ɗaga famfo a kan fure da safe, ko da ƙishirwa ta kai masa ina. Ya jira yamma, ya gaya wa mai amya, ya kwashe ruwan da ke kusa. In kuma ya riga ya yi irin tawa, kuma wadda ya yi wa tana nan da rai, tana zuba masa kunu, to ya ajiye ludayin ya gaya mata kafin ya sha. Ni na sha nawa na yi shiru, yanzu ga ni ina faɗa wa takarda.